Yadda nake tura wa Inna kuɗi daga Ingila ba tare da an yanke ni ba

Duk ƙarshen wata in albashi ya faɗo, kafin in taɓa komai sai na ware fam 300 na Inna da ke Zariya. Aikin jinya nake yi a Manchester, wani lokaci a tsaye nake kwana, don haka na san zafin kowane fam. Duk da haka na kusa shekara ina turawa ta wata manhaja da ta rubuta "babu caji" da manyan baƙaƙe, ina ganin na fi kowa wayo. Wata rana muna shan shayi, wani abokin aikina mutumin Kumasi ya karɓi wayata ya ce in tambayi Google fam ɗaya naira nawa ne. Abin da ya fito daban, abin da manhajar ke ba ni daban. Ashe cajin na nan daram, a cikin canjin aka cusa shi.

Kamfanonin nan ta hanya biyu suke cin ribarsu: kuɗin aikawa da suke nuna maka, da kuma abin da suke tsakura daga farashin canji, wanda ba kowa ke bayyana shi ba. Ga misali, ba farashin yau ba ne. A ce fam yana naira 2,000 a kasuwar duniya. Kamfani na farko ya ce kyauta ne, amma ya canza maka a 1,940: Inna za ta ga naira 582,000. Na biyu ya cire fam 2, ya canza sauran 298 a 1,995: za ta ga 594,510. Mai "kyauta" ya cinye maka sama da naira dubu goma sha biyu ke nan a turawa ɗaya. Ka lissafa wata goma sha biyu ka gani.

Shi ya sa yanzu tambaya ɗaya nake yi: nawa zai shiga hannun Inna? Ina da manhaja huɗu a waya, Wise, Remitly, LemFi da Sendwave. Sai in rubuta 300 a kowacce a zama ɗaya, domin canji yana motsi ko a cikin yini guda, in duba adadin nairar da ke ƙasa, in bi wadda ta fi tsoka. Ban yi wa kowacce mubaya'a ba. Wadda ta ci wannan watan tana iya zama ta ƙarshe a wata mai zuwa. Yawancinsu kuma suna ba sabon shiga farashi mai daɗi a turawar farko. Ka karɓa, halal ɗinka ne, amma ka sake dubawa a ta biyu.

Ba mu kaɗai abin ke ci ba. Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa tura kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, wajen kashi 8 cikin ɗari a kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ya sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030.

Wajen biya, ka tura daga asusunka na banki ko da katin da albashinka ke ciki. Katin bashi kuwa ka nisance shi, don bankuna da yawa suna ɗaukarsa kamar ka ciri tsaba ne, su ɗora maka caji da kuɗin ruwa tun daga ranar. In ba gaggawar asibiti ba ce, kar ka zaɓi "nan take" in ya fi tsada. Kuma ka haɗa kuɗin wuri guda. Da can ƙanina ya kira in tura hamsin, ƙanwata ta kira in tura talatin, kowanne da cajinsa. Yanzu sau ɗaya ne a wata, Inna ce mai rabo, kuma rabonta ba a ɗaukaka ƙara.

Akwai ƙa'idar gida da ya kamata ka sani. Tun Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce kuɗin da aka turo ta irin waɗannan kamfanoni da naira za a biya su, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai dai ya shiga asusu, ba a miƙa shi hannu da hannu. Saboda haka ka tabbatar mai karɓa yana da asusu, ka karanta lambobin nan goma sau biyu, sunan kuma ya zo daidai da yadda banki ya rubuta. Inna dai duk unguwa Hajiya Babba ake ce mata, na taɓa rubuta haka da hannuna, kuɗin suka maƙale kwana huɗu.

Sai 'yan canjin WhatsApp, masu cewa zuba mini fam a nan, yarona zai zuba maka naira a can. Farashinsu kan ja rai, ban musa ba. Na gwada sau biyu lafiya lau. A na uku mutumin ya daina ɗaga waya, sai da aka haɗa da wani dattijo da ya san mahaifinsa kafin kuɗina su fito, bayan sati uku, ana gobe Sallah. Ba rasit, ba inda zan kai kuka. Tun daga nan, kafin in sauke kowace manhaja sai na nemi sunan kamfanin a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya. Minti biyu ya isa.

Watan da na fara wannan kwatance, Inna ta kira da daddare.

"Ɗan nan, alat ya shigo, Allah Ya yi albarka. Amma na ga kamar sun ƙaru, ko ƙarin albashi aka yi maka?"

Na ce, "A'a Inna, hanya na sauya."

Ta ce to kar in gaya wa ƙanina, in ba haka ba gobe da asuba zai zo da maganar gyaran babur.