Yadda ake canza wa jariri famfas cikin dare ba tare da ya wartsake ba

Ki fara duba ko canjin ya zama dole. Idan fitsari ne kawai, famfas ɗin bai yi nauyi ba, kayansa ba su jiƙe ba, ki ƙyale shi ya yi barcinsa. Kashi kuwa ba ya jiran gari ya waye. In ya kwana a jikinsa, fatar ɗuwawunsa za ta yi ja ta saɓule, ruwa ma ya taɓa wurin sai ya tsala ihu. Mai amfani da kunzugun yadi ita ma kada ta jira, don yadi ba ya tsotse fitsari kamar famfas.

Tun bayan isha'i ki ajiye komai inda hannunki zai kai: sabon famfas, auduga, basilin, leda, da ruwan ɗumi a filas. Ruwan ɗumin nan kada ki raina shi, musamman da hunturu. Sanyin ruwa ya fi komai saurin tayar da jariri.

Kada ki kunna fitilar ɗaki. Hasken tocilan waya da aka juya wa bango ya isa. Ba wasa, ba waƙa, ko ya buɗe ido ya yi miki murmushi ki daure.

Ki shimfiɗa sabon famfas a ƙarƙashin tsohon tukuna, sannan ki ɓalle tsohon a hankali. In namiji ne, ɗora masa ɗan ƙyalle a gaba, domin da iska ta taɓa shi yakan saki fitsari. Ki riƙe ƙafafunsa ki ɗan ɗaga, ki goge daga gaba zuwa baya. Ga 'ya mace wannan ba abin sakaci ba ne, don kada kashi ya kai mafitsara. Ki bi lungun cinya, ki tsane wurin, ki shafa basilin. Hoda kuwa ki bar ta, yana iya shaƙarta.

Zare tsohon, ki ɗaure sabon yadda yatsunki biyu za su shiga ƙugunsa. In cibiya ba ta faɗi ba, ki naɗe bakin famfas ɗin ƙasa da ita.

Idan lokacin shan nono ya yi, ki canza kafin ya sha, ko tsakanin nono ɗaya da ɗayan, sai nonon ya mayar da shi barci. Ki kwantar da shi rigingine, ki gyara gidan sauro, ki wanke hannu da sabulu.