Yadda Ake Zaɓen Bindigar Harbin Nesa ta Farko da Madubinta Idan Kuɗi Ba Su da Yawa

Mafi yawan masu fara wasan harbin bara, wato abin da ake kafawa don a auna a harba, daga nesa kuskure iri ɗaya suke yi. Sai mutum ya kwashe kusan duk abin da ya tara ya zuba a kan bindiga, 'yan canjin da suka rage ya sayi madubin saiti na banza, sannan ya wayi gari ba shi da kuɗin harsashin da zai yi atisaye da shi. A ganina an juya lissafin ne. Bindigogin masana'anta na wannan zamani, har masu sauƙin kuɗi, sun fi sabon maharbi iya harbi. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne madubi da ƙarancin atisaye. Ga yadda zan bi lamarin da ni ne zan fara yau.

Mataki na 1: Takardu da filin harbi

Kafin ka kalli hoton kowace bindiga, ka san dokar inda kake: wane lasisi ake buƙata, wane irin harsashi aka halatta wa farar hula, yaya ake so a adana bindiga a gida da yadda ake ɗaukarta a hanya. Akwatin ajiya mai makulli yana cikin kasafin kuɗi tun daga ranar farko, haka ma abin toshe kunne da tabarau na kare ido.

Bayan haka ka je filin harbin da za ka riƙa zuwa ka tambayi iyakar nisansa. Wannan amsar ce za ta yanke kusan duk abin da zai biyo baya. Wanda filinsa bai wuce mita 200 ba, ba shi da dalilin sayen kayan mita 1,000.

Mataki na 2: Ka zaɓi harsashi kafin bindiga

Bindiga sau ɗaya ake saye, harsashi kuwa kullum ne. Don haka tambayar ita ce: wane harsashi zan iya harba ɗari-ɗari a wata ba tare da aljihuna ya yi kuka ba, kuma ana samunsa cikin sauƙi?

Uku ne suka cancanci sabon shiga ya duba. Na farko .308 Winchester, wanda ya fito a 1952. Ana samunsa kusan duk inda ake sayar da harsashi, kuma bututun bindigarsa yana da tsawon rai, yakan kai harbi 5,000 ko fiye kafin saitinsa ya fara lalacewa. Aibinsa biyu: yana naushin kafaɗa fiye da abokin takararsa, kuma iska tana kaɗa shi sosai idan an yi nisa.

Na biyu 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Ƙwayarsa siririya ce doguwa, tana ratsa iska da kyau, ba ta saurin faɗuwa, kuma naushinta ya fi sauƙi. Wannan batun naushi ba na raki ba ne. Idan bindiga ba ta tsalle sosai, za ka iya ganin inda harsashinka ya sauka ta cikin madubi, ka gyara da kanka. Abin da ake biya a madadin haka shi ne bututun ya fi saurin cinyewa, galibi tsakanin harbi 2,000 zuwa 3,000.

Na uku shi ne wanda mutane ke rainawa, kuma shi nake ba wa mai ƙaramin ƙarfi shawara: .22 LR. Tsoho ne, tun 1887 yake, arha ne ƙwarai, ba shi da naushi, bututunsa kuwa sai dai ka gaji ka bar wa 'ya'yanka. Saboda gudunsa kaɗan ne, kimanin mita 330 a daƙiƙa ga irin wanda ake gasa da shi, faɗuwarsa da yadda iska ke wasa da shi a mita 200 suna koya maka darasin da babban harsashi ba zai koya maka ba sai ka yi ninkin wannan nisa sau da yawa. Akwai ma gasanni na musamman dominsa, kamar NRL22 a Amurka. Wanda ya iya karanta iska da .22 ba zai sha wahala ba ranar da ya hau babba.

Manyan harsasai masu suna magnum, ka bar su tukuna. Suna da tsada, suna cin bututu, kuma suna koya wa sabon maharbi mugun hali na runtse ido da ƙanƙame jiki kafin kunama ta faɗi. Wannan hali idan ya kama mutum, fitarsa aiki ne.

Mataki na 3: Bindigar kanta

Ka nemi mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Ta fi sauƙin kuɗi idan aka kwatanta ingancin saiti, ba ta da tarkace da yawa, kuma tana tilasta maka natsuwa.

Abu huɗu za ka duba. Bututu ya zama mai kauri, domin siririn bututu irin na farauta yana zafi bayan harbi uku ko huɗu, ramukan da harsasai ke yi a kan bara su fara watsewa. Kada ya taɓa jikin katako ko robar da ke ƙarƙashinsa: ka zura takarda tsakaninsu, ya kamata ta wuce salin-alin har gindin bututun. Sai murɗin tsagogin cikinsa, wanda ke sa harsashi juyawa. Za ka ga an rubuta 1:8, ma'ana juyi ɗaya cikin inci 8. Wannan shi ne daidai ga 6.5 Creedmoor, ga .308 kuwa 1:10 ya yi, .22 LR tana zuwa da 1:16. Na uku kunama: a ce ana iya rage nauyinta, kuma tana faɗuwa tsaf ba tare da jan ƙafa ba. Na huɗu gindin bindiga, musamman inda kumatu ke zama. Idan ba a iya ɗaga shi, idonka ba zai riƙa zuwa wuri ɗaya a bayan madubi ba. Wannan ana iya gyara shi da 'yar matashiya mai ɗauri, ba sai an kashe kuɗi da yawa ba.

Sunayen da suka daɗe a wannan aji sun haɗa da Tikka T3x ta ƙasar Finland, Howa 1500 ta Japan, Bergara B-14 ta Spain, da Savage 110 da Ruger American na Amurka. A ɓangaren .22 akwai CZ 457 da Tikka T1x. Duk cikinsu babu wadda za ta ba ka kunya. Abin da ya fi bambanta su shi ne yawan kayan canji da ake samu daga baya. Bergara B-14, alal misali, an ƙera ta a kan ma'aunin Remington 700, wadda ke kasuwa tun 1962, shi ya sa kunama da gindi da sauran kayan da aka yi wa waccan da yawa suke shiga wannan. Idan kuma bindigar tana karɓar gidan harsashi irin na AICS, wato samfurin da kamfanoni da yawa ke ƙerawa, to ka huta da neman na musamman.

Ta hannu fa? Tana iya zama riba, amma sai an bincika. Ka tambayi adadin harbin da aka yi da ita, ka sa wanda ya sani ya leƙa cikin bututun. Tsohuwar .308 ko .22 ba ta cika ba da tsoro ba. Tsohuwar 6.5 da ta fito daga hannun ɗan gasa kuwa mai yiwuwa ta cinye rabin ranta.

Mataki na 4: Madubi, inda ya kamata ka daɗe kana tunani

Ka fara da sanin ma'aunin da ake gyara saiti da shi. Akwai biyu. MOA kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, wato kusan santimita 2.9 a mita 100. MIL kuwa santimita 10 ne cif a mita 100, kuma yawancin madubai masu MIL suna motsa kashi ɗaya cikin goma na MIL a kowane ƙas na makunnin juyi, wato santimita 1. Duka biyun suna aiki. Na fi son MIL saboda lissafin goma-goma ne, kuma shi yawancin 'yan gasa ke magana da shi, don haka idan abokin harbi ya ce ka ƙara kaza, harshe ɗaya kuke yi. Abin da ba za a lamunta ba shi ne madubin da zanen cikinsa MIL ne, makunninsa kuma MOA. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, zai riƙa sa ka lissafi a lokacin da ya kamata hankalinka ya kasance a kan iska.

Sai wurin da aka sa zanen saitin a cikin madubin. A irin da ake kira FFP, zanen yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoton, saboda haka 'yan tsagoginsa daidai suke a kowane matakin kusantowa. A irin SFP zanen ba ya canjawa, tsagogin kuma a mataki ɗaya kawai suke gaskiya, galibi na ƙarshe. Ga mai harbi a nisa dabam-dabam, FFP ne zaɓi, kuma yanzu ana samunsa a madubai masu matsakaicin kuɗi daga kamfanoni irin su Vortex, Athlon, Arken da Bushnell.

Kada yawan kusantowa ya ruɗe ka. Madubi mai 4-16 ko 5-25, wato mai kusanto da hoto daga ninki 4 zuwa 16 ko daga 5 zuwa 25, ya isa har mita 1,000. A rana mai zafi, idan ka kai shi ƙarshe, kawalwalniya kawai za ka gani tana rawa, kuma hoton yakan dushe: gilashin gaba mai milimita 50 a kusantowa 25 yana ba idonka ɗigon haske na milimita 2 kacal. Gara madubi mai 16 da gilashi mai kyau da mai 32 da ke nuna duniya kamar cikin hazo.

Ya zama yana da makunnin gefe na daidaita nisa, wanda ke hana zanen yawo a kan bara idan kanka ya ɗan motsa. Mai .22 ya tabbatar wannan makunni yana saukowa har mita 25 ko ƙasa. Ya kuma zama yana da birkin sifiri, wanda ke tsayar da makunnin sama a inda ka yi saitin farko, don kada ka ɓace bayan ka juya shi zagaye biyu.

Amma duk waɗannan ado ne idan madubin ba ya cika alkawari. Babban aikinsa shi ne idan ka juya MIL 5, saitin ya motsa MIL 5, idan ka dawo sifiri ya dawo daidai inda ya baro. A nan ne madubai masu arha ke tona asirin kansu, kuma shi ya sa nake cewa kuɗin madubi kada ya gaza na bindiga da yawa. Idan dole sai an rage wani, a rage na bindiga. Madubi mai kyau zai bi ka zuwa bindiga ta biyu da ta uku. Ka kuma karanta sharuɗɗan garanti kafin ka biya.

Mataki na 5: Ƙananan kayan da ake mantawa

Zobban riƙe madubi su dace da kaurin jikinsa, milimita 30 ko 34, kuma kada ka sayi na ƙarshen arha, araha ba ta ado. Shimfiɗar da suke hawa, irin ta Picatinny, ana samun mai gangaren MOA 20, wadda ke ƙara maka sararin juyi sama don harbin nesa. Ka ɗaure sukurori da sukundireba mai auna ƙarfi, daidai da abin da kamfani ya rubuta, domin matsewa fiye da kima na iya lotsa jikin madubi ta hana kayan cikinsa motsi. Sai ƙafafun gaba masu ƙarfi, jakar yashi ta ɗora gindi, ɗan ma'aunin ruwa mai nuna ko bindiga ta karkace, da kayan wanke bututu. Abin da ya rage duka na harsashi ne. Idan babu abin da ya rage, to ka koma mataki na 3 ka sauko.

Mataki na 6: Gwaji a fili

Ka yi saitin sifiri, wato ka daidaita madubi har harsashi ya riƙa sauka daidai inda ka auna, a mita 100, ko mita 50 ga .22. Ka sayi akwati ɗaya-ɗaya na harsasai iri uku ko huɗu, domin kowane bututu da irin abincinsa. Ka riƙa harbi biyar-biyar, ka maimaita, kana barin bututun ya huce. Alkawarin da kamfanoni ke yi cewa ramukan za su taru cikin MOA ɗaya galibi a kan harbi uku ne, harbi uku kuwa sa'a ma tana iya haɗa su. Wanda ya fi tara ramuka wuri ɗaya a kai a kai, shi za ka saya da yawa, in da hali daga rukuni ɗaya na masana'anta.

Daga nan sai gwajin madubi. Ka kafa doguwar takarda a mita 100 da aka auna da kyau, ka ja layi a miƙe daga ƙasa zuwa sama da taimakon igiya mai nauyi a ƙasanta, ka sa ɗigo a gindin layin. Ka harbi ɗigon sau uku. Ka juya makunni sama MIL 5, ka ci gaba da auna ɗigon nan dai, ka sake uku. Sababbin ramukan ya kamata su kasance santimita 50 sama da na farko, kuma a kan layin. Idan sun kauce gefe, ko dai madubin ya ɗauru a karkace ko bindigar ce ka karkata. Idan sun gaza ko sun wuce 50 da 'yar tazara wadda ba ta canjawa, ka rubuta ta ka shigar da ita cikin lissafinka. Ka dawo sifiri ka yi uku na ƙarshe. Idan waɗannan ba su koma cikin ramukan farko ba, ka duba sukurori ka sake gwadawa, in an maimaita haka ka mayar da madubin tun garantinsa na aiki.