Yadda Mai Ciwon Daji Zai Shiga Rajistar Bincike

Rajista, wato kundin da ake tara bayanan masu ciwon daji, iri biyu ce. Ta farko asibiti ne ke yin ta da kansa, ma'aikata na kwashe bayanai daga fayil ɗin marasa lafiya don a san yawan masu cutar. Ta Ibadan tun 1960 take aiki, a 2009 kuma aka kafa tsarin da ya haɗa irin waɗannan rajistoci a Najeriya. Ta biyu ita ce ta bincike, wadda ba a saka sunan mutum sai da yardarsa. A kanta za mu yi magana.

Fara da tambayar likitanka ko nas a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ko akwai rajistar da ke karɓar masu irin ciwonka. Wasu rajistocin har masu kula da marar lafiya suke ɗauka.

Ka riƙo katin asibiti da sakamakon gwajin tsokar da aka yanka, domin shi ke nuna ainihin nau'in dajin. Ka san ranar da aka gano ciwon, matakinsa daga 1 zuwa 4, da abin da aka yi maka: tiyata, allurar kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) ko gashi da na'ura.

Sai takardar amincewa, kuma a nan ya kamata a natsu. Ka nemi a karanta maka da Hausa. Wanda bai iya rubutu ba zai dangwala yatsa a gaban shaida. Duba ko akwai lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wanda ke tantance bincike don kare masu shiga; in babu, kada ka sa hannu. Tambayi wa zai ga bayananka, ko za a cire sunanka a sa lamba, ko za a ajiye jininka ko tsokarka don wani binciken nan gaba. Ka karɓi kwafi. Kana da ikon janyewa duk ran da ka ga dama, kuma hakan ba zai taɓa jinyarka ba. Yaro kuwa iyayensa ne ke sa masa hannu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙananan abubuwa. Mutum ya zama Muhammad a wannan asibiti, Mamman a wancan, sai a ƙirga shi mutum biyu. Wani ya ba da adireshin gidan ɗan'uwan da ya sauka a birni, alhali daga ƙauye ya zo, sai a ɗauka yankinsu babu cutar. Rubuta inda kake zaune da gaske. Ka ba da lambar waya biyu, taka da ta wani na jiki, saboda da zarar layi ya mutu bibiya ta yanke.

Rajista ba ta raba magani, kuma ba a biyan ko sisi don shiga. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar asusun banki da sunanta, ka kai maganar ga kwamitin da sunansa ke jikin takardar.