Kurakuran da aka fi yi wajen ƙera ƙarfen fitar da fil

Idan ƙarfen fitar da fil (wanda ake bugawa da guduma don turo ƙaramin sandan ƙarfe mai haɗa sassa daga raminsa) ya karye ko ya lanƙwashe, guduma ake ɗora wa laifi. Galibi kuwa matsalar tun daga ƙira take, a siririn harshen da ke shiga rami da kuma kafaɗar da ta haɗa shi da jiki.

Mai ƙira yakan so ƙarfe ɗaya ya yi masa kowane aiki, sai ya ja harshen ya yi tsawo. To amma duk sanda ka ninka tsawon siririn ƙarfe, nauyin da zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Bugun farko, lokacin da fil ɗin ke manne da tsatsa, shi ne mafi nauyi, kuma ba aikin dogon harshe ba ne. A ƙera guda biyu: gajere mai jiki da ke sirancewa a hankali zuwa baki don motsa fil ɗin, sai dogon mai miƙaƙƙen harshe ya ƙarasa turawa. In dole ne a yi dogo, a saka masa bututun ƙarfe mai zamewa da zai riƙe harshen daga gefe, ana ja da shi baya yayin da harshen ke nutsewa.

Kafaɗa kuwa, kada a yanka ta da kusurwa mai kaifi. Nan ƙarfin bugu ke taruwa, nan tsaga ke farawa. A yi mata lanƙwasa mai faɗi, a goge ta sumul, kuma gugar ta bi tsawon ƙarfen, domin zanen da dutsen wasa ya bari a kewaye tsaga ce da ke jiran lokacinta.

Wani kuskuren shi ne taurare ƙarfen gaba ɗaya daidai wa daida. Bakin harshe na son tauri wajen 54 zuwa 58 a ma'aunin taurin ƙarfe na HRC, amma kan da guduma ke sauka ya tsaya wajen 40 zuwa 45. Kan da ya yi tauri irin na baki yana ɓallewa, ɓarɓashin ya tashi ya nufi ido. Cikin nau'o'in ƙarfen ƙera kayan aiki, wanda ake kira S7 ya fi wanda ake kira O1 jure bugu. Mai aiki da O1 ya zafafa shi zuwa kusan digiri 800 na Celsius, ya tsoma a mai, sannan ya sake ɗumama shi har launi ya kai tsakanin ruwan ƙasa da shunayya, wajen digiri 260 zuwa 280. Wanda ya tsallake wannan ɗumamawa ta biyu, ƙarfensa ba zai kai bugu nawa ba. A kuma ɗan fiƙe gefen kan, don ya jima bai baje ba.

Kaurin harshe ya gaza ramin da milimita 0.1 zuwa 0.2. In ya yi daidai cif zai maƙale, in ya sirance da yawa zai zame gefe ya buɗa kan fil ɗin, fitarwa ta ƙara wuya. Bakin ya zama shafaffe. Fil mai rami a tsakiya ne kawai ke buƙatar ɗan tudu a tsakiyar baki, wanda zai shiga ramin ya hana zamewa.

Jiki mai kusurwa shida ba ya gangarawa daga tebur. Ƙananan da ke yawan karyewa, irin masu milimita 2 ko 3, gara a huda jikin a riƙe harshen da ƙaramin sukuru, in ya karye a zare a sa wani.