Babi na Bakwai: Shirya Abincin Walimar Ƙarshen Shekara a Wurin Aiki da a Gida

Iyayena da yayyena ɗalibai, idan watan Disamba ya kama, ma'aikatu da kamfanoni da yawa sukan tara ma'aikatansu a ci abinci tare kafin a tafi hutu, haka kuma gidaje sukan cika da 'yan'uwa da yaran da aka ba hutun makaranta. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu ranakun hutu ne a Nijeriya, shi ya sa masu girkin taro suke da aiki fiye da ƙima a wannan lokaci. Wataƙila a ɗora wa ɗayanku nauyin shirya abincin, domin an san yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Wannan babi zai nuna muku abin da za ku rubuta, da inda za ku rubuta shi. Ku ɗauko littafin rubutu da fensir, kada ku ɗauko biro tukuna, domin za a yi goge-goge.

Darasi na Ɗaya: Ƙidaya Masu Ci

Kada ku je wurin mai girki kafin ku san yawan mutanen da za su ci. Wanda ya ce mata "za mu kai mutum hamsin ko sittin haka" bai gaya mata kome ba, domin tsakanin hamsin da sittin akwai mutum goma da za su iya tashi da yunwa.

Ku buɗe sabon shafi. A can sama ku rubuta MASU CI. Ku ja layi a tsaye daga sama zuwa ƙasa, kusa da gefen hagu, wato gefen hannun da ba ku cin abinci da shi. A cikin ƙaramin filin hagu za ku rubuta lamba, a babban filin dama kuma ku rubuta suna. Kowane mutum layinsa daban. Kada a cusa sunaye biyu a layi ɗaya don tsimin takarda, saboda lambar da ke gaban sunan ƙarshe ita ce za ta gaya muku jimilla, in kuwa kun haɗa mutum biyu a layi ɗaya to lambar ta yi ƙarya. Wanda hannunsa bai faɗa da rubuta sunaye ba tukuna ya rubuta harafin farko na sunan kawai, wannan ma ya wadatar, kuma babu abin kunya a ciki.

A wurin aiki, a karɓi jerin sunayen ma'aikata daga hannun akawu, amma kada a tsaya a kansa. Maigadi da direba da masinja da masu shara sau da yawa ba sa cikin wannan jeri, alhali kuwa su ne suke jera kujeru su kuma kwashe su. Misali, ma'aikata 48 ne a jerin akawu, sai aka ƙara masu gadi 2, direbobi 3, masu shara 2. An sami 55. Daga nan sai a ƙara mutum ɗaya a kan kowane goma, saboda baƙon da ba a gayyata ba amma ba a korarsa. An ƙara 5, an sami 60.

A gida lissafin ya ɗan bambanta. Ƙananan yara biyu a ƙirga su a matsayin babba ɗaya. Idan manya 14 ne, yara ƙanana 10, to yaran sun zama 5, jimilla 19. Sannan a tuna da kwanukan da za a kai maƙwabta. A garuruwa irin su Kaduna da Jos an saba Kirista ya aika wa maƙwabcinsa Musulmi abinci ranar Kirsimeti, shi ma Musulmin ya rama ranar Sallah, don haka kowane gidan da za a kai wa kwano a ba shi layinsa, a rubuta mutum nawa kwanon zai ciyar.

Darasi na Biyu: Rubuta Adadin Daidai

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan, kuma za mu riƙa dawowa. Ƙidayarku da baki ba ta da aibu, domin da yawanku kun fi malaminku iya lissafin kasuwa da ka. Matsalar tana tasowa ne lokacin da hannu zai sauke abin da ke kai a kan takarda, musamman wurin sifiri, wato wannan ƙaramin da'ira: 0.

Ku dubi waɗannan da kyau, ku ɗora yatsa a kan kowanne kuna faɗarsa da ƙarfi:

6 shida ne.
60 sittin ne.
600 ɗari shida ne.

Shida ba shi da sifiri. Sittin yana da sifiri ɗaya. Ɗari shida yana da sifiri biyu. Ku sake faɗa. Sittin, sifiri nawa? Ɗaya. Ku rubuta 60 sau goma a layi, kowanne kun rubuta ku ƙirga sifirinsa da bakin fensir. Wanda nasa ya karkace ya goge ya sake, ba a gasa a wannan aji.

Kuskure na biyu ya fi na farko yawa. Ana ce wa ɗalibi ya rubuta ɗari da biyar, sai ya rubuta ɗari cikakkiya, 100, sannan ya manna mata 5 a gefe, ya zama 1005. Wannan dubu ɗaya da biyar ne. Ɗari da biyar ga yadda take: 105. Dalili shi ne duk adadin da ya kama daga ɗari har zuwa ɗari tara da casa'in da tara gida uku kawai yake da shi, ba huɗu ba, ba biyar ba. Gida na farko na ɗaruruwa, na tsakiya na gomomi, na ƙarshe na ɗaiɗaiku. A ɗari da biyar babu gomomi, shi ya sa sifiri ya zauna a gidan tsakiya yana riƙe wurin. Ɗari da hamsin kuwa 150 ce, ba 10050 ba, a nan biyar ta shiga gidan tsakiya, sifiri ya koma ƙarshe. Ku ajiye su kusa da juna ku duba: 105 da 150. Lambobin iri ɗaya ne, mazauninsu ne ya bambanta, kuma mutum 45 ne tsakaninsu.

Yanzu ku rufe littafin nan da tafin hannu, ku rubuta waɗannan da lamba: sittin, goma sha shida, ɗari da biyar, ɗari da hamsin, ɗari da goma sha biyar. Ku buɗe ku gwada da amsa: 60, 16, 105, 150, 115. Wanda ya ci uku ya yi ƙoƙari, ya sake gwadawa gobe. Wanda ya ci biyar ɗin ma ya sake, domin abin da hannu ya iya yau yakan manta shi jibi.

Kuɗi ma haka suke, sai dai sifirinsu ya fi yawa. Ana sa waƙafi, wato wannan alama (,), bayan an ƙirga gida uku daga hannun dama. Dubu biyar ₦5,000 ce, sifiri uku. Dubu hamsin ₦50,000 ce, sifiri huɗu. Dubu ɗari biyar ₦500,000 ce, sifiri biyar. Ku fara ƙirga daga dama, ba daga hagu ba. Daga dama. Ɗaya, biyu, uku, waƙafi.

Darasi na Uku: Zaɓen Abinci da Awo

Abincin taro ba wurin nuna gwaninta ba ne. Shinkafa dafa-duka da soyayyar kaza ita ce aka fi yi a wuraren aiki, saboda tana shiga roba cikin sauƙi kuma kusan kowa yana cinta. A gida ana iya yin waina da miyar taushe, ko funkaso, ko tuwon shinkafa domin tsofaffi, a haɗa da cincin na yara. A ganina kala biyu sun isa, domin idan aka yi kala huɗu kowa yakan ɗebi kaɗan daga kowanne, sai wanda aka fi so ya ƙare tun layi bai kai rabi ba.

Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ciyar da kimanin mutum takwas idan da nama. Ku raba adadinku gida takwas. Adadinmu nawa ne? Ku koma shafinku ku duba, kada ku faɗa da ka. 60 ne, sifiri ɗaya. Idan an raba 60 gida 8 ana samun bakwai da rabi, sai a cike ya zama kilo 8. Kaza ma idan mai girki tana yanka kowace gida takwas, lissafin ɗaya ne, kaji 8 ke nan, kowa yanka ɗaya. Ku yi magana da kilo, ko kuma ku ga mudun da za a auna da shi da idonku, domin mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba.

Kaji sukan yi tsada idan Kirsimeti ta matso, don haka a yi ciniki tun farkon wata. Wanda yake Kano zai sami shinkafa da man girki a kasuwar Singa, kayan miya kuma a Yankaba, wanda yake Jos kuma ya nufi Farin Gada domin kayan lambu.

Inda Musulmi da Kirista suke aiki tare, a tabbatar Musulmi ne ya yanka naman, kada a sa giya ko naman alade a girkin, kuma a faɗa wa jama'a haka tun kafin ranar domin kowa ya ci da natsuwa. A tambayi ko akwai mai ciwon suga, ko hawan jini, ko gyambon ciki, ko wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. A sa ɗigo a gaban sunansa, a gaya wa mai girki ta ware masa nasa.

Darasi na Huɗu: Takarda Tsakaninku da Mai Girki

Duk abin da kuka shirya da mai girki a rubuta shi a takarda biyu, ɗaya a hannunta, ɗaya a hannunku. A rubuta rana da wata, da ƙarfe nawa abinci zai iso, da wurin da za a kawo shi, da irin abincin, da yawan faranti, da kuɗin kowane faranti, da kafin alƙalamin da aka bayar, da cikon da ya rage. A tambaye ta a fili ko robobi da cokula da kuɗin mota suna cikin farashin, a rubuta amsarta.

Ga misali, kuɗin nan na koyo ne kawai, ba farashin kasuwa ba ne. Faranti ɗaya ₦2,500, faranti 60, jimilla ₦150,000. An ba da rabi, ₦75,000, saura ₦75,000. Yanzu ku ɗauka hannunku ya zame kun rubuta 600 a maimakon 60. Jimillar ta zama ₦1,500,000, wato naira miliyan ɗaya da rabi, kuma sa hannunku yana ƙasan takardar. Saboda haka a rubuta adadin sau biyu, da lamba da kuma kalmomi, kamar haka: faranti 60, sittin. Kuɗi ma haka: ₦150,000, naira dubu ɗari da hamsin.

Dole in faɗi wata magana a nan. Akwai waɗanda idan an miƙa musu takarda a gaban mutane sai su yi kamar suna karantawa, su gyaɗa kai, su dangwala hannu, don kada a ce ba su iya ba. Wannan ɗabi'a ba ta da kyau, kuma na gaji da ganinta a wurin dattawan da suke da iyali. Kuɗin nan na karo-karo ne, guminsu ne abokan aikinku suka damƙa muku. Kun zo aji, kun zauna a kan benci, an nuna muku sifiri har allo ya yi fari, sannan ku je ku sa hannu ba ku ƙirga ba? Ku ɗora yatsa a kan adadin, ku ƙirga sifirin daga dama, ko da mai girki tana tsaye tana jira. Ta jira. Idan ta waya za ku tura kuɗin, to a nan ma ku ƙirga sifirin kafin ku danna, ku kuma karanta sunan da ya fito.

Darasi na Biyar: Ranar Walima

A ƙirga robobin abinci a gaban wanda ya kawo su, kafin a biya ciko. Lokacin hunturu ne, akwai ƙura kuma abinci yana saurin hucewa, don haka a bar shi a rufe cikin kula har lokacin rabo. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Kunun aya yana saurin lalacewa, a sa shi cikin ƙanƙara, in babu ƙanƙara a yi zoɓo. Ruwan roba a duba yana da lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Idan ranar Juma'a ce, a sa rabon abinci bayan an sauko daga masallaci. A fara ware na masu gadi da direbobi.

Darasi na Shida: Bayan an Watse

A raba abin da ya rage a ranar, kada ya kwana. A kai wa ma'aji takardar da canjin da ya saura.

Aikin gida: ku rubuta sunayen mutanen gidanku, kowa a layinsa, ku rubuta jimilla da lamba da kuma kalmomi. Sannan ku rubuta 105 da 150, kowanne sau goma, ku kawo ranar aji mai zuwa.