Idan a-kori-kura ta fara janye maka sitiyari

Dankalin Turawa nake ɗaukowa daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada da wata tsohuwar Hilux. Bara da damina motar ta fara ja zuwa dama, har kafaɗata ta riƙa ciwo saboda riƙon sitiyari. Na garzaya wurin masu alaimen, wato masu saita tsayuwar tayoyi, na biya kuɗi, amma ko Mararrabar Jama'a ban kai ba ta koma 'yar gidan jiya. Shi ya sa nake roƙonka ka bar alaimen sai daga ƙarshe.

Ka fara gwada ta babu kaya, a kan miƙaƙƙen titi mai kyau. Buhunan da aka jibge a ɓangare ɗaya na bodi kaɗai sun isa su karkatar da mota. Sannan ka tuna ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara, mu kuma a hannun dama muke tuƙi, saboda haka ɗan zamewa dama a hankali ba ciwo ba ne. Ka sassauta riƙo ka lura da abu guda: kullum take ja, ko sai ka taka birki?

Daga nan sai iska. Ka auna da sassafe kafin taya ta yi zafi, musamman lokacin hunturu da sanyin Jos ke rage iskar taya. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Kada ka yarda da bugun taya da ƙarfe ana sauraren ƙara. Ka sayi gejinka, don na masu faci da yawa sun gaji. Mota tana ja ne zuwa ɓangaren da iska ta yi ƙasa.

In iska daidai take, ka musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Idan jan ya juya ɗaya ɓangaren, to tayar ce, kuma hakan ya fi faruwa da tayoyin gwanjo ko in an haɗa iri biyu. Wannan gwajin ba na tayar da ke da kibiya a gefe ba ne, ita hanya ɗaya take juyawa.

Ni tawa matsalar a birki take. Wani dattijon bakanike a Dilimi ne ya gano. Ya sa na zaga da motar kamar minti 10 ba tare da yawan taka birki ba, da na tsaya ya kara bayan hannunsa kusa da kowane rim, bai taɓa ba. Na hagu ɗumi kawai, na dama kuwa kamar tukunyar mai ƙosai, ga warin ƙuna. Ya ce, "Yaro, kalifarka ce ta cije." Kalifa ita ce ƙarfen da ke matse fad, wato takalmin birki, a jikin faifan birki. Na ce, "Baba, ai birkin yana kamawa." Ya ce kamawa yake, sakin ne ba ya yi. Da ya kwance, robar da ke rufe fil ɗin da kalifar ke zamewa a kansa ta yage, laka ta shiga, tsatsa ta riƙe shi, fad ɗin ciki ya cinye saura ƙiris, na waje kuwa da sauransa. Ya wanke, ya sa giris na birki, ya canza robar, muka sa sabon fad a ƙafafun gaba duka biyu. Kada ka canza ɓangare ɗaya ka bar ɗaya. Wani lokaci tiyon man birki ne ya lalace daga ciki, mai ya je ya kasa dawowa. In kuwa sai ka taka birki take fizgewa, to ɓangaren da take guje wa ne ba ya kamawa sosai. Motar da ke haka, don Allah kada ka gangara Hawan Kibo da ita da kaya.

Idan birki lafiya, a ɗaga gaban motar, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana lilo, boljoin ne, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, ko boris ɗin da taya ke juyawa a kansa. Ka kama gefe da gefe, in ta yi lilo, wannan na tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. A duba bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙafar mota, ko sun tsage. A leƙa baya ma, don mu masu lodi mun sha karya kusar tsakiyar sifirin, aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace. Ka auna da tef daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane ɓangare, ya kamata awon ya zo ɗaya.

Sai an canza duk abin da ya saki sannan a hau injin alaimen. Ka ce a duba maka kamba (karkatar taya ciki ko waje) da kasta (karkatar ƙafar mota gaba ko baya), don bambancinsu tsakanin hagu da dama shi ke jan mota. Masu ɗaure tayarod kawai su sallame ka sitiyari suka miƙar. Ka tsaya ka ga lambobin a allo kafin gyara da bayansa, sannan ka ɗauki mai aikin ku fita gwaji a titin da ka fara gwada ta.