Yadda Ake Ziyarar Yini Ɗaya a Ƙauyen Masunta na Bakin Kogin Terengganu

A gabashin zirin ƙasar Malesiya, inda kogin Terengganu yake zuba ruwansa cikin Tekun Kudancin Sin, akwai ƙauyukan masunta na Malayu da suke fuskantar birnin Kuala Terengganu daga ɗaya gefen kogin. Biyu daga cikinsu, Seberang Takir da tsibirin Duyong, ana iya zagaya su tsakanin hantsi da magariba. 'Yan'uwanmu ɗalibai da suke karatu a Jami'ar Sultan Zainal Abidin suna zaune kusa da wurin, kuma wanda yake Kwala Lumfur zai iya isa birnin cikin kimanin sa'a ɗaya a jirgin sama. Abin da ziyarar take bukata shi ne mutum ya bi lokacin masunta, ya kuma shiga ƙauyen da ladabin baƙon da ya zo gidan mutane.

Da farko a zaɓi wata da rana. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar damina takan buso daga arewa maso gabas, teku ta yi fushi, ruwan sama ya yi ta zuba, ƙananan jirage da yawa kuma su kwana a ɗaure. Wanda ya je a wannan lokaci zai tarar da gaɓa shiru. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba ne harka take buɗewa. Ranakun hutun mako a jihar Terengganu Juma'a ne da Asabar, kuma masunta da yawa ba sa fita teku ranar Juma'a, shaguna ma sukan rufe idan lokacin salla ya gabato. Saboda haka mai son ganin aiki ya fi kyau ya zaɓi wata rana tsakanin Lahadi da Alhamis.

Ranar tafiya a yi sammako. Rana takan fito a can wajen ƙarfe bakwai, don haka ya kamata kafin takwas mutum ya isa Pasar Payang, babbar kasuwar birnin da take bakin kogi. A nan ake karya kumallo da nasi dagang, shinkafar da ake turarawa da madarar kwakwa a ci da miyar kifin tuna mai yaji, wadda mutanen jihar suke alfahari da ita. A nan kuma ya dace a canza manyan takardun ringit, kuɗin ƙasar, zuwa ƙanana, domin mai jirgi da mai tuyar bakin hanya kuɗi a hannu suka fi karɓa, kuma ba kullum suke da canji ba. A ɗauki ruwan sha da hula ko lema, a sa takalmin da yake da sauƙin cirewa, saboda za a yi ta cire shi a ƙofar gida da ta masallaci.

Sai ƙetare kogi. Tun 2019 akwai gada mai ɗagawa da ta haɗa birnin da Seberang Takir, kuma motar Grab, wato motar hayar da ake kira ta manhajar waya, za ta kai mutum cikin 'yan mintuna. Duk da haka shawarata ita ce a hau jirgin fito, wanda suke kira bot penambang, daga mashigar da take kusa da kasuwa. Ƙaramin jirgin katako ne mai inji da rumfa, kujerunsa benci ne, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Daga cikinsa ake ganin ƙauyen ta fuskar da masu shi suka gina shi ya kalla: gidajen katako a kan dogayen ƙafafu, jiragen kamun kifi masu fenti kala-kala a jere, taru a shanye, da hasumiyar masallaci a tsakanin itatuwan kwakwa. Kafin a sauka a tambayi mai jirgin lokacin fitonsa na ƙarshe, domin yawan fasinja ne yake tafiyar da zirga-zirgar, kuma gadoji sun rage masu hawa.

Idan an sauka a Seberang Takir, a yi tafiyar da ƙafa. Hanyoyin ƙauyen ƙanana ne, suna ratsa tsakar gidajen jama'a, don haka a yi sallama ga duk wanda aka tarar a zaune. Sallamarmu ita ce tasu, kuma bayan musabaha sukan kai hannu ƙirji. Dattijo ana ce masa Pak Cik, dattijuwa kuma Mak Cik. Ba a nuna mutum ko wuri da manuniya, da babban yatsan hannun dama ake nuni, sauran yatsun a dunƙule. Kada a ɗauki hoton mace ko yaro ko cikin gida sai an nemi izini, kada kuma a taka taru ko a hau jirgin wani don neman hoto mai kyau, domin da waɗannan kayan ne mai gida yake ciyar da iyalinsa.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kalla a nan shi ne yadda ake yin keropok lekor. Mata sukan cire tsokar kifi daga ƙaya, a niƙa ta da garin sago (sitacin da ake samu daga wani itace dangin kwakwa) da gishiri har ta yi danƙo, sannan a murza ƙullin a kan tebur ya zama dogo mai launin toka. Ana jefa shi cikin babbar tukunyar ruwan zafi, idan ya taso sama an san ya dahu. Daga nan wasu su ci shi haka, wasu kuma a yanka musu a soya, a tsoma cikin miyar barkono mai ɗan zaƙi. A saya da zafinsa a wurin waɗanda suka yi shi. Ba ya daɗewa bai lalace ba a wannan zafi, don haka mai son tsaraba ya sayi busasshen da aka yanka falle-falle.

Azahar a can takan shiga bayan ƙarfe ɗaya. A yi salla a masallacin ƙauyen, a huta har zafin rana ya sassauta. Malayu mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, saboda haka wanda ya taso a Malikiyya zai ga 'yan bambance-bambance, kamar bayyana bisimilla a sallolin da ake karatu a fili, kuma wannan ba abin jayayya ba ne ga baƙo. Zai kuma ga alluna da rubutun Jawi, wato harshen Malayu da haruffan Larabci, irin yadda muke rubuta Hausa da ajami.

Bayan nan a nufi tsibirin Duyong, da jirgi idan an samu, ko da mota ta gadar Sultan Mahmud. Sunan tsibirin ya fita ne saboda masassaƙan jirage, waɗanda suke aiki ba tare da zanen takarda ba, da ido da abin da suka gada kawai. Da katakon cengal mai tauri suke aiki. Sukan fara haɗa allunan jikin jirgin da turakun itace, su shimfiɗa ɓawon itacen gelam a tsakanin allo da allo domin ya toshe kafar ruwa, sai daga baya su sa haƙarƙarin ciki. Masu wannan sana'a sun ragu ƙwarai, kuma ba kowace rana ake samun jirgi a kan aiki ba. Idan aka yi sa'a aka tarar da masassaƙi, a tsaya daga gefen rumfar, a yi sallama, a jira ya ɗago kai kafin a matso, kada kuma a taɓa kayan aikinsa.

Wajen ƙarfe biyar a kama hanyar komawa mashiga, domin magariba takan yi bayan bakwai, kuma fito yakan yi wuya tun kafin nan. Idan an rasa jirgi, a kira mota ta bi gada. Wanda yake da sauran lokaci yana iya sa direban ya kai shi Masallacin Kristal da yake tsibirin Wan Man, wanda aka buɗe a 2008, ya yi sallar magariba a can kafin ya koma masauki.